Madubin Barira

Shekara arba'in da ɗoriya ina gyaran tsofaffin madubai da katakon hotuna a zauren gidana da ke Kara-Kara, amma madubin matata Barira ban taɓa sa masa hannu ba. Ita ta hana. Ta ce hannun da ke ƙwaƙule gidan gara duk yini ba zai taɓa kayan uwarta ba.

Madubin ya girme mu duka. Kakanta, bafatake ne a Birni, shi ya zo da shi daga arewa, naɗe cikin bargo a kan raƙumi. Katakonsa baƙi ne, an jera masa ƙusoshin tagulla, gilashin kuma mai kauri, da 'yan ƙwayoyin iska a ciki irin na aikin da. A gabansa uwarta ta yi kwalliyar aure, ita ma haka. Ranar da aka kawo ta gidana na fara ganin fuskarta sosai a cikinsa, don ta ƙi juyowa ta dube ni. Ina kewar wannan zamani, ba na ɓoyewa.

Bayan ƙaramar Sallah ta leƙo zaure, na sa wani katako a gaba ina cike ramukansa da garin zarto da ƙaro.

"Malam, madubin nan ya dushe," in ji ta. "In ka samu sarari ka duba."

Daɗi ya kama ni kamar an ba ni sarauta. Na ce mata ashe dai hannun gara yana da rana. Ta harare ni ta koma wajen tukunyarta.

Na sauke shi, na goge da toka mai laushi da tsumma. Ban ga wata dusashewa ta a zo a gani ba, sai ɗigo-ɗigon baƙi a gefe, inda damina ta ci azurfar da aka shafa wa bayan gilashin. Na mayar. Kwana biyu ta ce har yanzu kamar an hura masa numfashi. Na ce hasken ɗakin ne, na matsar da shi kusa da taga. Ta ce da sauƙi, amma ba kamar da ba.

Nan fa girman kan sana'a ya motsa. Ni Suma'ila, da ake aiko wa aiki daga Garagumsa har Yamai, a ce madubin ɗakina ya gagare ni? Kullum ina yi wa masu kawo aiki faɗa kada su yarda a taɓa tsohuwar azurfa, domin in ta tafi ba ta dawowa. Sai ga ni da kaina na kwance ƙusoshin, na cire allon baya, na kankare ta tas. Ta zubo a kan tabarma kamar ɓawon kifi. Na aika da gilashin zuwa Kano aka zuba masa sabuwa, mako uku muna jira, Barira tana ɗaura kallabi da lalube.

Ranar da ya dawo, da hantsi, na shafe katakon da mai, na goge tagullar da tsamiya har tana ɗaukar ido. Na rataye shi, na kira ta. Ta zo hannunta da garin dawa, ta goge a zani, ta tsaya. Na tsaya a bayanta.

Ban taɓa ganin gilashi mai tsabta haka ba. Ga furfurata ɗaya-ɗaya, ga zanen gefen bakinta. Na shiga bin sa da ido yadda na saba, kusurwa zuwa kusurwa, ina neman aibi. A tsakiya na same shi, amma ba a jikin gilashin yake ba. Wani fari-fari ne a ƙwayar idonta ta dama, ta hagun ma ya soma. Yanar ido ce. Kullum muna cin tuwo a kwano ɗaya, ban gani ba sai yau.

"Ya yi kyau, Malam," in ji ta. "Allah ya saka."

"Barira, me kike gani?"

Ta murza bakin zaninta.

"Ina ganin mutum biyu. Na san dogon kai ne."

Na zauna a bakin gado. Na ce gobe da sassafe za mu je wajen lokotoro, likitan ido, ana cire yanar, mutane da yawa sun warke. Na tambaye ta tun yaushe.

"Tun bara," ta ce.

"Kika bar ni na kankare azurfar kakanki?"

Ta lalubo kafaɗata ta dafa.

"Tsoron wuƙar likita nake ji. Na ce ko Allah zai sa madubin ne, tunda shi kai ka iya gyarawa."