Waƙar da Ke Sa Sezim Barci

Aizirek ta manta rabon da ta yi barci ya ishe ta. Tun da ta haifi Sezim, yarinyar nan ba ta san wani abu wai shi barci ba. A ba ta nono ta sha ta ƙoshi, a yi mata wanka, a kwantar da ita a gadonta na katako a yi ta jijjigawa har hannu ya sage, ita dai kuka. Likita ya duba ya ce lafiyarta ƙalau, wasu yaran haka suke zuwa. Mijinta Ulan babbar mota yake ja tsakanin Bishkek da Osh, in ya tafi sai dai a gan shi. Ita kaɗai ce a hawa na biyar, ga zafi, ga na'urar hawa bene ta lalace tun tana da ciki. Ranar nan har wayarta ta nema ta rasa, ashe a cikin firij ta ajiye ta, kusa da madara.

To kafin aure, a kasuwar Dordoi take sayar da caja da abin sawa a kunne, wuni take tana jin waƙa. Ƙawarta Cholpon kuma tana da wani ɗan shafi a intanet, inda ake faɗin ra'ayi a kan sabbin faifai. Aizirek ba ta iya dogon rubutu ba, murya take naɗa ta tura, mutane kuma suna son nata saboda yadda abu ya zo mata haka take faɗi. Wannan karon faifai uku Cholpon ta turo mata.

"Ki ji su ko kina wanke-wanke ne," in ji Cholpon a waya. "Kin ɓace mana, har ana tambaya ko kin tuba ne."

"Ni yanzu mawaƙiya ɗaya nake saurara, kuma ba ta canja waƙa."

"Ai ga ta nan ina jin ta. Muryar uwarta ta ɗauko."

Na farko na wani dattijo ne mai kaɗa komuz, wani irin molo na ƙasarsu, shi da tsirkiyarsa uku, ba ganga ba komai. Aizirek ta ji daɗinsa. Ta ce kamar an ɗora ka a bayan doki ka riƙe rigar kakanka, sai dai tun daga farko har ƙarshe dokin ɗaya ne, hanyar ma ɗaya. Sezim kuwa tana jin tsirkiyar ta ƙara wuta. Na biyu na wasu 'yan mata ne da suka naɗi abinsu da kansu a ɗaki, da jita da 'yar siririyar murya, kamar suna tsoron kada su tashi maƙwabta. Wannan faifan kuwa uwar ya sa gyangyaɗi a tsaye, har ta kusa buga goshi da ƙofar kicin. Yarinyar ko a jikinta.

Na uku shi ne ta yi ta ja da baya, don na ƙanin mijinta ne, Erlan, wanda take kira Auta tunda ba ta faɗin sunansa. Gambarar zamani yake yi. In ta ce babu daɗi, ta ɓata da dangin miji. In ta ce da daɗi, Cholpon za ta ce son kai. Haka dai ta kunna da rana tsaka, tana zagaya ɗaki da yarinya a kafaɗa. Auta ya zagi hayaƙin gari, ya zagi cunkoson ƙananan motocin haya, ya zagi mai gidan da yake haya. Bakinsa na gudu kamar ana bin sa bashin numfashi. Ta ce a ranta, yaron nan da zai rage sauri da an ji abin da ke damunsa.

Can wajen ƙarshe sai wata waƙa ta shigo daban. Gangar ta lafa. A bayanta akwai wata murya mai kauri, ba ka ce ta mace ba ce ko ta namiji, tana hawa a hankali tana gangarowa, ba a jin kalma ko ɗaya. Auta ma a nan magana yake ƙasa-ƙasa.

Sai Aizirek ta ji kafaɗarta ta yi nauyi. Ta leƙa. Sezim ta saki hannunta da kullum yake a dunƙule, baki a buɗe, ta yi barci.

Ba ta yarda ba sai da ta gwada washegari, ta sake gwadawa da yamma. Ko yaushe haka. Ai kuwa babu wanda ba ta buga wa waya ba. Ta gaya wa Ulan yana kan hanya, ta gaya wa mai sayar da burodi a ƙasan bene, ta gaya wa tsohuwar da ke hawa na uku wadda kullum take buga mata bututun ruwa saboda kukan. Ta sa waƙar tana maimaita kanta, ta ajiye wayar a gefen gadon yarinya. A satin nan ta wanke kanta, ta ci abinci a zaune, har farce ta yanke.

Ana haka surukarta Burul-apa, wadda suke kira Apa, wato inna, ta zo daga ƙauyensu At-Bashi ganin jika. Ba ta taɓa ganin yarinyar ba, don tana cikin takaba aka haife ta. Mijinta ya rasu a ƙarshen sanyi, lokacin cikin Aizirek ya tsufa. Ta hawo benen nan tana hutawa a kowane hawa, da jakar kurut, wato busasshen cuku, da man shanu da ƙafar rago a naɗe cikin zane. Ta sha shayi, ta ɗauki jika ta shinshina wuyanta, ta ce goshin kakanta ne sak. Da yarinyar ta fara tsala kuka, Aizirek ta miƙe da saurinta.

"Apa, tsaya ki ga abin mamaki. Aikin Auta ne."

Ta kunna. Sezim ta fara lafawa. Burul-apa tana riƙe da kofin shayi, ba ta kai baki ba, ba ta ajiye ba.

"Kashe," ta ce.

"Yanzu za ta yi barci, Apa, saura kaɗan."

"Ɗiyata, kashe abin nan."

Ta kashe. Yarinya ta buɗe ido ta ɗora daga inda ta tsaya. Tsohuwar ta buɗe jakarta ta ciro busasshen reshen archa, itacen da suke turare da shi don kariya, ta kunna masa ashana, ta zagaya gadon da hayaƙin, ta zagaya ɗakin, har wayar sai da ta turara.

"Tun yaushe kike sa mata wannan?"

"An kwana biyu. Apa, mene ne?"

"Kina wurin fa. Kina zaune a bayana da cikinki, ƙafafunki a kumbure. Kukan mutuwa ne. Ni ce nake yi wa uban mijinki."

Aizirek ta zauna a bakin kujera. Ta tuna tantin da aka kafa a tsakar gida, mata sun juya baya suna fuskantar bango, surukarta a gaba tana rera kukan safe da yamma, duk baƙon da ya iso a sake ɗagawa. Ita a birni ta tashi, rabin kalmomin ma ba ta gane su ba a lokacin, abin da ta fi tunawa shi ne ciwon baya. Kuma wannan muryar ta waya ta yi kauri, an ja ta.

"Ba ta yi kama da taki ba, Apa."

"Ya dai yi mata abin da ya yi mata. Amma wa zai gaya mini inda numfashina yake yankewa? Kukan gawa a kan gadon jaririya. Sai ka ce muna kiran wani abu."

Aka kira Auta. Ya zo da yamma da hularsa a juye, yana ganin fuskar uwar ya gyara ta.

"Jenge, ke kika kai ƙarata?" ya ce da Aizirek, don haka suke kiran matar wa.

"Ni tallar ka nake yi, ban san kayan sata ba ne."

Bai musa ba. Ya ce yana tsaye a bayan tantin ranar, maza na ta kuka shi ya kasa, sai ya danna waya ya naɗa. Ya yi wata yana saurara shi kaɗai kafin ya ɗora ganga a kai.

"Ka sa ni ina yi wa ubanka kuka mutane na rawa," in ji Burul-apa.

"Ba a rawa da wannan, Apa. Ko an so ba ta rawuwa."

"Ga muryata ka mayar kamar ta sa."

"Don kada a gane ki ne."

"To an gane." Ta tura masa farantin boorsok, irin fankensu. "Ci, ka rame kamar tsinke. Abin da ke tsakaninka da ubanka, ku kuka sani, ba zan bi ka gari ina ƙwace wa mutane waya ba. Amma a gidan nan, a kan yarinyar nan, an gama."

Aizirek ita ma yanzu ko an ce ta kunna ba za ta iya ba, tsigar jikinta tashi take in ta tuna. Sai dai ta san abin da ke jiran ta.

Haka kuwa aka yi. Aka koma gidan jiya. Burul-apa ta gwada duk waƙoƙin reno da ta rena 'ya'yanta da su, ta shafa wa yarinya kitsen rago a ciki, ta sake ɗaure ta a gadon yadda ake yi a ƙauye. Sezim ta ƙi. Tsohuwar hawa na uku ta koma buga bututu. Aizirek ta gwada faifan dattijo, ta gwada na 'yan mata, har sauran waƙoƙin Auta na zagin mai gida ta gwada. Ta ƙona madara sau biyu. Da rana in ta zauna sai ta ga bango yana matsowa. Cholpon ta turo saƙo tana tambayar ra'ayin faifai, ta duba ta kife wayar.

Wata rana bayan azahar tana tsaye a kicin, ta rasa me ta shigo ɗauka, sai ta ji kukan ya ragu. Ta ji wata murya tana hawa tana gangarowa. Ta ɗauka wayar ce ta kunna kanta. Ta leƙa ɗaki.

Burul-apa ce zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafa, ta kwantar da jikar a kan ƙaurinta suna kallon juna. Karin dai shi ne, ba ko tantama. Amma maganar ta canja. Tana gaya wa yarinyar cewa kakanta mutum ne mai taurin kai, yana da wani jan doki da ya fi shi taurin kai, kullum sai sun yi faɗa a bakin rafi. Tana ce mata sannu da zuwa, kin zo kin tarar ya fita, zauna ki huta, mu muna nan. Hannun Sezim ya buɗe.

Tsohuwar ta ɗaga ido, ita ma duk ta faɗa.

"A cikinki ta koya," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni na koya mata ban sani ba. Ta zaci duk duniya haka ake magana."

"Amma Apa, ba kin ce..."

"Wancan karon bango na fuskanta, ina kiran wanda ya tafi. Yanzu ita nake kallo. Na yi ta tunani, ban ga laifinsa ba. In ma da laifi, a kaina." Ta muskuta. "Zo ki zauna. Jibi zan koma, an fara yankan ciyawa, ba mai duba mini shanu."

"In ɗauko waya in naɗa?"

"Ku dai da naɗe-naɗe. Bakinki fa, na shan shayi ne kawai?"

Kwana biyun nan koyo aka yi. Aizirek ta iya faɗin laifin waƙar kowa, amma ita ba ta taɓa rera ko ɗaya a gaban mutum ba. Ta ɗaga inda ake saukewa, ta sauke inda ake ɗagawa.

"Ɗiyata, wannan ƙofa ce take neman mai ko waƙa ce?"

"Apa, numfashina ba ya kaiwa."

"Nawa ma ba ya kaiwa. Inda ya yanke ki tsaya, ita ta san wurin."

Ranar tafiya Auta ya zo ya sauke mata jaka, uwar tana bin sa a baya tana yi masa faɗan hula. Ƙofa na rufuwa Sezim ta fara. Aizirek ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafa, ta ɗora ta a ƙauri. Maganar jan doki ta ɓace mata tun a layin farko. Sai ta kama ba ta labarin abin da ta sani: na'urar bene da ta ƙi gyaruwa, safar ubanta da ke wari tun daga Osh, tsohuwar hawa na uku da bututunta. Muryar na rawa, ta yanke, ta jira, ta ɗora. Yarinyar ta tsura mata ido kamar tana auna ta. Ta yi ɗan ƙorafi. Ta yi hamma.

Ta yi barci fa. A kan ƙafar uwarta, ba waya ba komai.

Aizirek ba ta motsa ba don kada ta ɓata. Ta miƙa hannu a hankali ta jawo wayar, ta danna wa Cholpon, tana raɗa. Ta ce na dattijo a saya wa iyaye, za su sa albarka. Na 'yan mata a ji shi a zaune, kada a ji a tsaye. Na gambara kuma yaron ya rage gudu, amma akwai waƙa ɗaya can wajen ƙarshe, wannan mutum ya ji ta shi kaɗai, kada ya kunna inda yaro yake, kuma in ya gama ya kira uwarsa.

Ta so ta ƙara wani abu a kan gangar. Cholpon ta ce da saƙon ya iso dogo ne sosai, ta yi ta jira ta ji sauran, amma daga nan har ƙarshe numfashin mutum biyu ne kawai, ɗaya babba ɗaya ƙarami.