Kabari a Layin Soja

Akwatin ƙarfe. Kwat mai nauyi. Rediyo. Allon dutse naɗe cikin bargo, da sunan mahaifina, Kambai Meshak, a jikinsa. Jirgin ƙasa ya wuce Zonkwa ina riƙe da allon tsakanin ƙafafuna. Daminar 1977 ce. Niyyata in kafa shi a kan kabarinsa, in wuce Legas inda aiki ke jirana.

Ina karatu a Ingila ya rasu. Aka binne shi a tsakar gida kamar yadda muke yi, kusa da rumbu. Da yaƙin basasa ya yi zafi, soja suka karɓi unguwarmu a bakin Kafanchan. Katafila ta share gidaje da gonakin acca, aka jera ɗakunan bulo da rufin kwano. Da suka tashi, hukuma ta raba wa farar hula. Sunan bai canza ba: Layin Soja.

Baba Kumai, ƙanen mahaifina, ya tare ni a tasha.

"Ka rame. Turawa ba su da tuwo ne?"

"Ina kabarin, Baba?"

"Ka sha ruwa tukuna. An ba mu ɗaki biyu a ƙarshen layi, na shafa maka farar ƙasa."

"Kabarin."

Ya kai ni gindin wata ɗorawa, ita kaɗai katafila ta bari. Ya juya mata baya, ya fuskanci dutsen Kagoro, ya yi ta tafiya yana ƙirga taku har bangon wani ɗaki ya tsare shi.

"Yana ciki," in ji shi. "Ban gaya wa mai ɗakin ba. Na jira ɗansa ya zo."

Mai ɗakin tela ne, Malam Hussaini. Ya ɗauke ƙafa daga keke, ya ba mu benci, matarsa ta kawo kunu. Baba ya yi ta gaisuwa har na gaji. Ni na faɗi abin da ya kawo mu.

Malam Hussaini ya ɗaga labulen ƙurya. Siminti ne sumul. Gado, tabarmar yara, da buzun salla a kusurwa.

"Daidai ina?" ya tambaya.

Baba ya nuna buzun.

Telan ya saki labulen. "Innalillahi. Tun da muka tare, nan nake salla. Ba a salla a kan kabari."

"Shi ya sa," in ji Baba. "Gobe mu kawo diga, mu fasa, mu kwashe shi zuwa bayan coci. Mu gyara maka simintinka."

"Haba, Baba Kumai. Bawan Allah ya kwanta, katafila ta bi ta kansa, soja sun taka shi da takalmansu, ni na ɗora masa gado. Yanzu kuma diga?"

"To ka ci gaba da kwana a kan yayana?"

"Ko daren yau ba zan iya ba."

Ya kira matarsa. Suka fara fitar da kaya waje, ga hadari ya haɗu. Ba su da inda za su. Yaran suka tsaya rungume da tabarma suna kallona.

Na ce, "Baba, ba shi makullin ɗakunan da ka shafa wa farar ƙasa."

"Naka ne fa!"

"Ba shi."

Ya ciro shi daga aljihu yana gunaguni. Maƙwabta suka kama gado da keke. Kafin ruwa ya sauko an kwashe komai.

Muka rage mu biyu a ƙuryar. Baba ya zauna a ƙasa, ya dafa simintin.

"Ɗaki ba kowa, hukuma za ta ba wani," ya ce. "Wanda bai san shi ba. Gara diga."

Iska ta fara watso ruwa ciki. Na ja ƙofar na rufe.

Na ce, "Ba za a tone shi ba. Nan zan zauna."