Cefane Ba Gyara

Rilwanu ya dawo Gidan Rumji daga Yamai da takardar jami'a da wata dabara da ya ce za ta rufe kasuwar garin. Ba kasuwar ce ta yi masa laifi ba, tsufa kawai ta yi masa. A cewarsa, mace ta aiko saƙon murya ta Watsap, ta biya kuɗin wata, shi ke nan, duk mako gero da wake da busasshen tumatir da daddawa su iske ta har ƙofar ɗaki. Ya raɗa wa abin suna Cefane Har Gida, ya sa aka buga masa riga mai sunan a baya.

Mahaifinsa, Malam Tsoho, ya saurare shi har ƙarshe, ya sayar da bijimi ɗaya ya saya masa moto, wato babur, sannan ya gindaya sharaɗi.

"Kafin ruwan shuka ina son in ga gida talatin suna saye wurinka. In ba su cika ba, moto ta koma bijimi, kai kuma ka bi ni gona."

Rilwanu ya yi dariya. Gida talatin? Shi da yake hangen har garuruwan Agiye da Gazawa.

Watan farko gida arba'in da ɗaya suka shiga, don mutanenmu ba sa barin sabon abu ya wuce ba su taɓa ba. Rilwanu ya sayo ma'auni mai batir, irin wanda ko ƙwayar wake ɗaya ta faɗa sai ya nuna. Ya auna komai daidai, ya ɗaure a leda, ya manna takarda. Wata na biyu suka koma ashirin da shida. Na uku, sha tara. Babu wadda ta yi masa faɗa, sai dai ya ji saƙo: "Rilwanu, wannan watan a dakata, Allah ya yi albarka." Albarkar nan ta yi masa yawa har ta hana shi cin tuwo.

Da ya ga Hafiza ma ta fita, sai hankalinsa ya tashi. Ita ce uwar adashin matan unguwar lakol, can wajen makarantar boko, inda ta sa ƙafa nan sauran suke sawa. Ya ɗauki ledar gero ya tafi gidanta, ya tsaya a zaure yana bayani da kilo da giram.

Hafiza ta ɗauko tiyarta, kwanon awon da kowace mace ta yarda da shi fiye da mijinta, ta juye geron. Ya cika ya yi tozo har ya zube a tabarma.

"Kin gani?" in ji Rilwanu. "Ya fi na kasuwa."

"Ya fi. Ina gyara?"

"Ai yana ciki, Hajiya. Na haɗa tun daga gida."

"Wa ya roƙe ka?" Ta karkaɗe hannunta. "Ni in na je kasuwa sai na ce a gyara, mai kaya ya rantse zai faɗi, in juya zan tafi, ya kira ni ya ƙara. Kai kuwa ka ɗaure baki ka ɗaure leda, kamar mai rabon magani a likita."

Ya fita ransa a ɓace, ya nufi rumfar Gwaggo Habi, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta shekara talatin tana sayar da kayan miya. Ita ce ya taɓa gaya wa cewa sana'arta saura kwana kaɗan. Ta tuna, amma ta bar shi ya gama kukansa.

"Ɗan nan, kwance ledojin," ta ce. "Kowace ka ɗebi tafi guda ka zuba a buhu daban. In ka kai, kada ka bayar sai an roƙa. In an roƙa ka ɓata rai, ka ce wallahi babu riba."

"Gwaggo, ai abu ɗaya ne."

"To ci gaba da naka, tunda kai ka yi jami'a."

Haka Rilwanu mai riga da suna ya koma yawo da buhun gyara a bayan moto, yana rantsuwa ƙofa ƙofa. Kunya kamar ta kashe shi, don a ganinsa yaudara ce tsagwaronta. Amma labari ya zaga cewa yaron Malam Tsoho ya yi hankali. Gida ashirin da biyu, ashirin da bakwai, ashirin da tara, sai abin ya cije.

Ranar da hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, ya koma zauren Hafiza. Ta juye geron a tiya, bai kai tozo ba. Ta ce a gyara. Ya ce wallahi babu riba. Ta miƙe za ta shige, ya kira ta, ya zuba tafi guda. Geron ya tsaya daidai inda ya tsaya wancan karon, ta duba ta kuma dubawa.

"Abin da ka rage ne ka maido mini," ta ce.

Rilwanu ya sunkuyar da kai, yana ganin moto tana tsiro ƙaho.

"Ka sa ni a ciki," in ji Hafiza. "Amma mako mai zuwa ka rage da yawa, wannan gyaran naka ya yi rowa."

Yayyafi ya fara kafin ya isa gida. Ya tarar Malam Tsoho ya riga ya jingine masa hauya a bakin ƙofa. Rilwanu ya ce gidajen sun cika talatin, ya kuma faɗi yadda aka yi, bai ɓoye komai ba. Tsohon ya ɗauke hauyar ya mayar ƙarƙashin rumbu.

"Madalla," ya ce. "Shekara huɗu a Yamai da bijimi guda, ka koyo abin da Habi ta iya tun ba ta yi aure ba."