Klabiyen Faransi, Takobin Japan

Moctar bai taɓa ganin ƙarshen wasan ba, kuma duk wanda ya san shi a Tasawa ya san da wannan. Muna yara muka fara buga shi a gidan bidiyon Danda da ke bayan tasha, a kan wata tsohuwar na'urar wasa da ake haɗawa da telebijin. Labarin wani saurayi ne ɗan Japan mai dogon takobi, aljanu suka sace masa ƙanwa, yake bin sawunsu gari-gari. Mun kai shi har ƙofar gidan sarkin aljanun, sai na'urar ta yi ƙauri ta mutu. Danda ya sayar da telebijin ya koma kiwon kaji.

Ni na manta da zancen. Moctar bai manta ba. Muka yi kolej, muka yi lise muka gama sakandare, intanet ta shigo har aljihunmu, ƙarshen wasan yana nan a bidiyo ga duk mai son gani, amma shi ya ce ba zai kalli ƙarshen da hannun wani ya buga ba. In muna zaune a fada ana shayi wani ya ɗauko maganar, sai ya toshe kunnuwa ya miƙe ya bar kofinsa. Ƙato da gemu, yana gudun labarin wasan yara. Na sha yi masa dariya, amma a raina abin yana burge ni.

To, bana sai aka ce masu wasan sun juyo shi zuwa ordinater, wato kwamfuta. Ni kuwa ina da shagon buga takardu da fotokopi, kuma ina da ordinater guda mai ɗan ƙarfi wadda nake ji da ita. Moctar ya gama makarantar horon malamai yana zaman jiran a tura shi aiki. Bai ma roƙe ni ba. Ya zo ya zauna a bencin masu jira yana kallon injin yana kallona, har na gaji na ce masa ya kawo wasan a saka.

Ranar farko muka gane an cuce mu. Manet ɗin da Moctar ya sayo a kasuwa, abin da ake riƙewa a hannu a sarrafa wasa, wasan ya ce bai san shi ba. Muka koma klabiye, allon madannan haruffa. Wasan ya ce a danna W a tafi gaba, S baya, A hagu, D dama. Na dubi klabiyena. W tana can ƙasa a lungu, A tana sama, S da D suna tsakiya. Wato gaba tana ƙarƙashin baya. Muka shiga wajen gyare-gyare don mu canza haruffan, babu wurin canzawa. Wanda ya yi wannan aiki, Allah ya sani, ko dai bai taɓa ganin klabiye ba, ko kuma yana da yatsu bakwai a hannun hagu.

"Yusha'u, bari dai in gwada," in ji Moctar.

Ya murɗe hannu kamar mai ɗaure bakin buhu da hannu guda, ƙaramin yatsa a ƙasa, na kusa da shi a sama. Saurayin mai takobi ya yi gaba, ya yi hagu, ya faɗa rijiya.

Muna da grup a waya na masu wasa, mutanen Tasawa da Mayahi da wasu da suka yi nisa. Nan na fara zazzage abin da ke cikina. Na ce wannan ba juyi ba ne, zubarwa ce, an kwaso wasa daga na'ura an watsa a ordinater kamar yadda ake juye tuwo a kwanon da ba a wanke ba. Nuriyya, wata 'yar Mayahi da ke karatu a jami'ar Maraɗi, ta ce ita ta saka a tata injin ta cire, don in ta motsa suri, ɗan linzamin ordinater, hoton yana juyawa har jiri ya kama ta, kuma Faransancin da aka rubuta a ƙasa ko ɗan aji uku ba zai yi shi ba. Talle, ɗan kabu-kabu daga Gidan Amumune, wanda bai taɓa taɓa wasan ba, ya aiko bokal, saƙon murya, mai tsawo yana cewa duk laifin zafi ne, injinan Japan ba sa son zafin ƙasarmu. Kowa da nasa.

Sai Imrana. Ɗan kawuna ne, yana zaune Katsina, kuma tun muna yara in na ce fari sai ya ce baƙi. Ya rubuta cewa shi wasan lafiya lau yake tafiya a wajensa, yatsu suna zaune daram, bai ga abin kuka ba. Ya ƙara da cewa wataƙila hannun mutanen Tasawa ya fi sabawa da hauya.

Jinina ya hau. Na yi masa bokal na ce ƙarya yake, bai ma saka wasan ba, bidiyon wasu yake kallo yana zuwa yana mana burga. Ya ce in na isa in zo Katsina in gani. Na ce ba ni da esansin da zan zuba a mota in ɓata a kan maƙaryaci. Aka yi ta yi har Nuriyya ta ce in ba mu bari ba za ta fita daga grup ɗin.

Shi Moctar ba ruwansa da duk wannan rigima. Kullum bayan azahar, lokacin da masu kawo takardu suka ragu, yana nan a kujerata da murɗaɗɗen hannunsa. Wani lokaci wasan ya tsaya cik a tsakiyar faɗa, wani lokaci sauti ya ɓace, ya kashe ya kunna ya ci gaba. Ni ke zagi a madadinsa. In na ce masa wasan banza ne, sai ya ce, "Wasan ba shi da laihi, riga ce anka ɗinka mishi ba daidai ba." Da haka, da ciwon wuyan hannu, ya ratsa dajin gora, ya haye gadar ƙanƙara, ya wuce ƙofar da na'urar Danda ta mutu, ya tsaya gaban sarkin aljanu.

A nan ya maƙale. Sarkin aljanun yana da wani sara da ba a kauce masa sai an yi gaba da hagu a lokaci guda an kuma yi tsalle. A klabiyena gaba tana ƙasa, hagu tana sama, yatsa ba ya rabuwa biyu. Moctar ya mutu, ya tashi, ya mutu. Na daina kallo don zuciyata ba ta ɗauka.

Ana cikin haka takardarsa ta fito. An tura shi koyarwa wani ƙauye gaba da Tchaké, inda ba kuran, wato wutar lantarki, rezon waya ma sai an hau tudu. Ya zo ya gaya mini yana murmushi, na yi masa murna, na kira shi Mushe Moctar, yadda 'yan makaranta ke kiran malaminsu. Daga nan dukanmu muka juya muna kallon injin. Ba a ɗaukar ordinater ta tebur a kai ta ƙauyen da ba wuta, kuma sabon malami ba ya barin aji ya zo gari buga wasa. In bai gama kafin ya tafi ba, sai dai wani hutun, in ma injin ta kai.

Ana gobe zai tafi, Imrana ya aiko bidiyo don ya ƙure ni. Ya ɗauki hannunsa yana buga wasan, yatsu uku a jere, ko motsi mai yawa ba sa yi. Na buɗe da niyyar in samo abin da zan zage shi da shi. Na kalla, na sake kalla, na tsayar da hoton na faɗaɗa. Layin farko na klabiyensa da Q ya fara, sai W. Nawa da A ya fara, sai Z. W ɗinsa tana zaune daidai bisa S, A tana gefe, kamar an tsara su don wasan. Kuma don wasan aka tsara, ko in ce wasan aka tsara dominsu. Su can klabiyen Ingilishi suke amfani da shi, mu nan na Faransi muka gada, kuma masu juyo wasan ba su taɓa tunanin akwai mutane irinmu a duniya ba.

Ni da nake buga takardu safe da yamma, na san a ƙasan ekran, fuskar ordinater, akwai ɗan wurin da ake canza harshen klabiye. Ban taɓa taɓa shi ba, don ba ni da abin yi da Ingilishi. Na danna, na mai da shi Ingilishi, na buɗe wasan. Na ɗora yatsu uku a jere, saurayin ya miƙe ya yi tafiyarsa sumul. Haruffan da ke rubuce a kan madannan ba su canza ba, amma injin yanzu wani abu take ji: in ka danna inda aka rubuta Z ta ji W, in ka danna Q ta ji A. Ban ba Imrana haƙuri ba. Na dai rubuta masa cewa bidiyonsa bai fito da kyau ba.

Washegari da hantsi Moctar ya iso da jakarsa da katifa a naɗe. Talle ne zai kai shi Mayahi a kan babur, daga can ya nemi motar Tchaké. Na ja shi ciki na zaunar da shi.

"Aje hannunka nan. Kada ka dubi haruhwan, ƙarya suke yi yanzu. Wanga gaba, wanga hagu."

Ya gwada. Ya dube ni, ya dubi hannunsa da ya miƙe karon farko, sai ya fashe da dariya har da hawaye.

"Duk wahalar ga da na sha, dama abin nan kusa yake?"

"Buga dai, Mushe. Talle na jira."

Da farko yatsunsa sun riƙa komawa tsohon murɗinsu, ya mutu a banza. Talle ya leƙo ya ce rana tana yi, motar Tchaké ba ta jiran kowa. Na saya wa Talle lemo na ce ya zauna. Wata mata ta kawo takardar haihuwa a yi mata fotokopi, na yi mata ina waiwaye, har na ba ta shafin a juye. A hankali hannun Moctar ya zauna. Sarkin aljanu ya ɗaga takobi, saurayin ya yi gaba da hagu ya tashi sama, saran ya wuce ta ƙasansa. Na yi ihu. Talle ya aje lemo ya zo ya tsaya bayanmu yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Moctar bai ji mu ba. Gumi yana ɗiga daga gemunsa, yana sara yana kaucewa, jinin dodon yana raguwa, har ya durƙusa ya faɗi ya watse ya zama hayaƙi.

Kiɗa mai sanyi ya tashi. Aka nuno wata babbar ƙofa ta baƙin ƙarfe tana buɗewa a hankali, haske yana fitowa. A ƙasan ekran rubutu ya bayyana da Faransanci: A, a ci gaba; Q, a tsallake.

Moctar ya sunkuya ya dubi klabiye, ya nemi inda aka rubuta A, ya danna.

Na buɗe baki, amma ya riga ya danna. Ita kuwa injin, Q ta ji. Ekran ya yi baƙi, sunayen mutanen Japan suka fara hawa sama layi-layi, ba ko tambayar ka tabbata. Moctar ya danna wannan, ya danna wancan, sunayen suka ci gaba da hawa. Da suka ƙare wasan ya ajiye kansa da kansa a kan tsohuwar ajiyar, ya mai da mu farkon labari, saurayin yana tsaye a ƙauyensu da sandar katako a hannu. Na shiga ko'ina na duba. Ba wurin sake kallon abin da ya wuce, ba wata ajiya ta biyu. Na zagi masu wasan, na zagi wanda ya ƙirƙiro klabiye iri biyu, na zagi Imrana ma da bai yi komai ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Ga waya," na ce. "Kai ka kashe shi da hannunka, mun gani. Yanzu ai ka cancanta. Minti kaɗan ne, in buɗe maka bidiyon."

Ya girgiza kai. Ya tashi ya saɓa jakarsa, ya fita ya taya Talle ɗaure katifa a bayan babur. Na bi shi waje. Ya hau, ya gyara zama, Talle ya tada injin. Sai ya taɓa kafaɗar Talle ya ce ya dakata, ya juyo gare ni.

"Ni klabiye nike kallo sa'adda ƙohwar ta buɗe. Kai ekran kake kallo. Mi ka gani?"

"Ƙafa," na ce. "Wani ya sako ƙafa guda waje, shi ke nan."

"Ta mace ko ta namiji?"

Na yi ta ƙoƙarin tunawa. Haske ya yi yawa a wurin, kuma abin bai kai ƙiftawar ido ba.

"Wallahi ban sani ba, Moctar."

Ya gyaɗa kai, ya ce in gaida gida. Babur ya ja, na tsaya ina kallon katifar tana rangaji a bayansa har suka sha kwanar hanyar Mayahi.