Aiken Mai Walda

Duk layin an san Kawu da tsoron doka, har wasu na cewa abin nasa ya zama ciwo. Sigarin lantarki yake sayarwa da kwalaben ruwan da ake ɗura masa, kuma ko gemunka ya kai ƙirji sai ka nuna katin shaida kafin ya miƙo maka kaya. Tun ranar da aka ba shi lasisi jami'ai suka ja masa kunne: ya sayar wa wanda bai kai sha takwas ba, tara ce da rufe shago, in abin ya yi muni har kotu. Shagon nan kuwa shi ne cinsa, shi ne shansa.

Wuri ɗaya tak ya sassauta. Akwai wani mai walda, tsohon mai sayen kayansa, da yake tsokana da Injiniya. Bara ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa ya kwantar da shi, sai ya riƙa bugo waya: "Kawu, ga Auta nan, ba ta kwalba biyu." Auta 'yarsa ce, shekararta sha huɗu, mai gaisuwa har ƙasa. A ganin Kawu wannan aike ne, kuma wa ya taɓa tambayar ɗan aike shekarunsa? Yau da gobe wayar ta daina zuwa, amma yarinyar ba ta daina ba.

Wata Talata da hantsi sai ga Injiniya da kansa, yana ɗingishi. Ya dire leda a kan kantar shagon.

"Tsofaffin na'urorina ne. An ce kar a jefa batirinsu a shara, ku ke karɓa."

"Wato ka sayi sabuwa a wani wuri, ka ci amanata ko?"

"Wace sabuwa? Ai na daina, Kawu. Wata biyar ke nan ko zuƙa ɗaya ban yi ba."

Kawu ya lissafa watannin a ransa. Juma'ar da ta wuce ma ya miƙa wa Auta kwalba biyu da hannunsa. Sai yanzu ya tuna: Injiniya mai ɗanɗanon taba yake sha, amma watannin nan mai mangwaro yarinyar take tambaya. Har dariya ya yi a lokacin, ya ce mata, "Babanki ya koma yaro." Wauta dai ba ta da kasuwa, da ya yi arziki a ranar.

"Don Auta na daina," in ji Injiniya, ya jingina da kanta. "Tari ya sa ta gaba. Tun ina kwance ya fara, yanzu ko benen makaranta ba ta iya hawa sai ta tsaya ta dafe ƙirji. Likita ya tambaya ko akwai mai busa hayaƙi a gida, na ce ni ne. Ya ce ita fa? Wallahi saura kaɗan in shaƙe shi. Ni na cuce ta, Kawu, ɗaki ɗaya muke zama ina ta busa mata. Maganin da suka bayar bai yi komai ba. Yau ma tana gida, ƙarfe huɗu za mu koma asibiti, sun ce sun rasa gane kan abin."

Tsoro ya kama Kawu sosai. Ya kalli kyamarar da ke saman ƙofa, wadda shi ya biya aka saka don ta zama shaidarsa. Ya kalli damatsan mutumin da ke lanƙwasa ƙarfe don neman abinci. Zuciya ta ce masa ya ja bakinsa: in ta dawo Juma'a ya hana ta, shi ke nan, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. In kuwa ya yi magana likita zai rubuta, takarda za ta kai ofis, a zo a garƙame ƙofar nan. Amma in ya yi shiru, da yamma likita zai ci gaba da lalube a duhu, yarinya kuma tana da sauran kwalba a hannu.

Injiniya ya yi sallama, har ya kama ƙofa.

"Injiniya." Kawu ya tsayar da shi. "Kafin ku tafi asibiti, a duba jakar makarantarta."

"Me ke ciki?"

"Abin da na sayar mata ranar Juma'a. Duk mako tana zuwa da sunanka, ban taɓa kiranka na tambaya ba."

Kawu ya runtse ido yana jiran duka. Dukan bai zo ba. Da ya buɗe, mutumin na tsaye riƙe da ƙofa.

"Duk layin nan," ya ce a hankali, "shagonka kaɗai ne ban taɓa hana ta shiga ba."

Ya zaro waya ya kira matarsa, ya ce ta ɗauko jakar Auta ta riƙe, kar ta tambaye shi dalili. Sannan ya juyo.

"Likita zai tambaye ni inda ta samu."

Kawu ya dafa kantar da hannu biyu.

"Ka gaya masa," ya ce.