Haƙarƙarin Hamidu Mai Rijiya

Shekarar da fari ya ƙone gero, soja na rabon jar dawa a Maraɗi, rijiyoyin garaken Jiratawa suka ƙafe. Hamidu mai haƙar rijiya ya shiga ƙara wa ɗaya zurfi, sai igiya ta tsinke, guga cike da laka ya faɗo masa a ƙirji.

Matarsa Rahmatu ta aika Tsibiri aka zo da maɗori. Ya lalube shi, ya ce haƙarƙari uku sun karye, ya naɗe ƙirjin tamau da tsumma. Kwana huɗu Hamidu na numfashi sama-sama, ga zazzaɓi. Rahmatu ta ga idonsa ya faɗa, hankalinta ya tashi.

"Baban Safiyatu, yau sai likita," in ji ta.

"Ɗorin bai kama ba tukuna."

"Ni numfashinka nake ji, ba ɗori ba."

Amalanken maƙwabci ta kai su asibitin Maraɗi. Lokotoro, wato likita, ya sa almakashi ya yanke tsumman, Hamidu ya ja iska har da ƙwalla. Da aka ɗauki hoton ƙirjin, lokotoro ya nuna musu.

"Ba a ɗaure haƙarƙari kamar ƙafa, huhu ke wahala. Biyu na nan daidai, za su haɗe da kansu. Na ukun ya goce. In ba a yi aiki ba, yana iya haɗewa a karkace, aikin kuwa sai Yamai."

Rahmatu ta tambaya: "In ya karkace, zai rayu?"

"Zai rayu sarai. Sai dai ƙulli, da ɗan ciwo in ya ɗauki nauyi."

Suka haƙura da zuwa Yamai, suka karɓi magani suka sauka Sabon Gari, gidan yayarta. Kullum Rahmatu takan zaunar da shi, ta ba shi matashi ya rungume, ta ce ya ja numfashi goma, ya yi tari. Yana mita, ba ta ragawa ko ɗaya.

Sati bakwai ƙashin ya haɗe, da ƙulli kamar ƙwallon dabino ƙarƙashin hammata. Shiga rami ya gagare shi, amma masu garake suka zo har gida, don ba wanda ya san jijiyar ruwa kamarsa. Yana bisa yana nuna inda za a sara, rijiya shida suka kawo ruwa kafin damina. Rahmatu ta samu fegi a gefen ɗaya, ta dasa albasa da tattasai.