Inuwar da Muntari Ya Wuce

"Muntari, taka birki! Ga inuwarmu nan!"

Muntari bai ko waiwayo ba. Ya duƙar da kai, ya ƙara danna feda, ya wuce darbejiyar da suka saba hutawa a bakin gadar Kwalkwalawa. Malam Yakubu ya duba gindin itaciyar, nan take ya gane. Baba Lawwali ne zaune bisa buhun albasa yana jiran mota, mahaifin Balaraba, matar Muntari.

Yakubu ya yi tsaki ya bi shi. Shi ya ja maƙwabcin nasa cikin wannan harka. Tun da matarsa Dorcas ta rasu, tsohon malamin makarantar ba shi da abokin magana sai littattafai, su kuma ba sa tambayar mutum ko ya karya kumallo. Muntari, mai sayar da hatsi, shi ke tambaya. Da likita ya ce jinin Muntari ya hau, sai ya riƙa motsa jiki, Yakubu ya gyara masa tsohon keke, ya kafa masa doka: a miƙe gaɓoɓi kafin a hau, a fara a hankali, a tsaya a inuwa a sha ruwa.

Dokar farko ta mutu tun ranar farko.

"Ticha, ni da ɗiyana da jikoki in tsaya ƙohwar gida ina lanƙwasa awa mazari? Mi mutane za su ce?"

"Za su ce kana da rai."

Yau ma haka ya haye keken da jiki a sandare, ga zafin bazara tun da hantsi. Balaraba ta leƙo daga zaure ta miƙo gorar ruwa. "Malam Yakubu, amana. Ka san halin abokinka."

Sai da suka ɗan wuce gadar Yakubu ya cim masa. Fuskar Muntari ta yi toka-toka, rigarsa ta manne da baya.

"Sauka ka sha ruwa, don Allah."

"Shina hange na har yanzu. In sha ruwa gaban surukina, ina haki awa jaki? Bari mu sha kwana."

Ba su kai kwanar ba. Keken ya yi tangaɗi, Muntari ya sauke ƙafa ɗaya, ya dafe ƙirji, ya zauna a ƙasa a hankali kamar mai shirin cin tuwo. Sannan ya kwanta.

Yakubu ya yar da nasa keken. Ya ɓalle masa maɓallan wuya, ya yi masa fifita da hula. Wayarsa na gida a kan tebur, don ya daɗe ba mai kiransa. Ya faɗa tsakiyar titi yana ɗaga hannuwa. Wata mota cike da ɗalibai ta kauce masa ta wuce, suna kallonsa ta taga. Wani ɗan kabu-kabu ya rage gudu, ya ce zai turo mai keke-napep, ya tafi. Duk abin da Yakubu ya karanta a kan zuciya yana nan a kansa, dalla-dalla, kamar yadda ya kasance ranar rasuwar Dorcas, kuma yau ma bai amfana masa komai ba.

Ya dawo ya durƙusa, ya ɗago kan Muntari, ya kai gorar bakinsa.

"Ticha," in ji Muntari, muryar da ƙyar take fita, "Baba bai gani ba ko?"

"Bai gani ba. Sha."

Amma inuwa ta riga ta faɗo a kansu. Tsohon ya biyo su da sandarsa, yana ɗingishi. Muntari ya gan shi, ya rufe baki, ya kau da kai daga gorar.

"Baba, ku ce ya sha!" Yakubu ya yi ihu. "Kunyar me? Mutuwa yake yi!"

Baba Lawwali ya dubi mijin 'yarsa. Ya juya musu baya, ya fuskanci fadama, ya tsaya ƙyam kamar gonar albasa ya zo dubawa. Muntari ya buɗe leɓɓa. Ruwan ya jiƙa harshensa, sauran ya gangaro cikin gemu.

Yakubu ya san wannan numfashin, ya taɓa jin irinsa. Ya kuma san akwai kalmar da ake tuna wa Musulmi a wannan lokaci, wadda ba daga bakinsa, shi Kirista, ya kamata ta fito ba.

"Baba," ya ce, "lokaci ya yi."

Tsohon bai juyo ba. Daga inda yake ya ɗaga murya yana maimaita kalmar shahada, a hankali, har leɓɓan Muntari suka bi shi, har suka daina. A lokacin ne mai keke-napep ya iso, yana tambaya ina marar lafiyar.

Bayan la'asar, an dawo daga maƙabarta, Yakubu ya koma bakin titin. Ba wanda ya taɓa kekunan. Ya turo su gida a ƙafa, ɗaya a kowane hannu. A gindin darbejiyar ya tsaya, don nan ne wurin tsayawa. Ya jingina na Muntari da itaciyar, ya zauna kusa da buhun albasar da aka manta, gorar Balaraba a cinyarsa, ruwan ciki ya yi ɗumi.